"Na Saba": Yadda Ƙarancin Barci Ke Cin Ƙwaƙwalwa Mai Ita Bai Sani Ba

Akwai wata magana da na sha ji daga bakin mutane masu himma, waɗanda ba za ka taɓa kiransu malalata ba: "Ni barcin awa biyar ya ishe ni, na saba." Mai faɗin haka ba da gangan yake ƙarya ba. Ya kwanta ƙarfe ɗaya na dare, ya tashi ƙarfe shida, ya wuni a tsaye yana aiki, bai faɗi a hanya ba, bai manta sunan 'ya'yansa ba. To me za ka gaya masa ya yarda? Inda gizo ke saƙar shi ne, hujjarsa guda ɗaya ce tak, wato yadda yake jin kansa, kuma wadda zai tambaya ta faɗa masa ko ya gaji ita ce dai ƙwaƙwalwar da ta gaji.

An gwada wannan magana ta "na saba" a ɗakin bincike. A shekarar 2003, Hans Van Dongen da David Dinges da abokan aikinsu na Jami'ar Pensilbaniya a Amurka suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi da mutum 48 lafiyayyu. Suka raba su rukuni-rukuni: wasu aka ba su damar kwanciya ta awa 8 kowane dare, wasu awa 6, wasu awa 4, har kwana 14 a jere. Wani rukunin kuma aka hana su barci ɗungurungum na kwana uku. Kullum ana ba su jarrabawa mai sauƙi: ka zuba wa allo ido, da zarar alama ta bayyana ka danna maɓalli. Masu awa 8 sun riƙe ƙoƙarinsu har ƙarshe. Masu awa 6 da masu awa 4 kuwa kullum ta Allah sai ƙara taɓarɓarewa suke yi, har bayan mako biyu kurakuransu suka kamo na mutumin da ya kwana ɗaya ko biyu bai runtsa ba sam. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne amsar da suke bayarwa in an tambaye su ko suna jin barci. A kwanakin farko sukan ce e, suna ji. Daga nan sai amsar ta kusan tsayawa wuri ɗaya, alhali aikinsu na ci gaba da lalacewa. Jin gajiyar suka saba da shi, ƙwaƙwalwar kuwa ba ta saba da komai ba.

Ba za a gane ɓarnar ba sai an san aikin da barci ke yi. Shekaru aru-aru an ɗauka cewa in mutum ya yi barci, ƙwaƙwalwarsa ta kashe fitila ta rufe ƙofa ke nan sai da safe, shi ya sa ma ake kiran barci ƙanin mutuwa. Na'urar auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, wadda likitan Jamus Hans Berger ya fara gwadawa a kan ɗan Adam a 1924, ita ta buɗe hanyar rushe wannan zato. A 1953, Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman na Jami'ar Shikago suka bayyana cewa akwai lokutan da idanun mai barci ke zillo da sauri a ƙarƙashin fatarsu, ƙwaƙwalwa kuma tana aiki kamar ta wanda yake farke, kuma in ka tashe shi a daidai lokacin yawanci zai ce maka mafarki yake yi. Daga nan aka fahimci cewa barcin dare zagaye-zagaye yake zuwa, kowane zagaye kimanin minti 90, sau huɗu zuwa shida kafin gari ya waye. A cikin kowane zagaye akwai barci marar nauyi, akwai mai nauyi wanda in an tashi mutum daga cikinsa sai ya yi ta magagi, akwai kuma na mafarki.

Rabon ba daidai yake ba, kuma wannan na da muhimmanci ga mai rage barci. Barci mai nauyi ya fi yawa a farkon dare, na mafarki kuma ya fi tsawo wajen ƙarshensa. Saboda haka wanda ya saba yanke awa biyun ƙarshe daga cikin awa takwas, a lissafinsa kashi ɗaya cikin huɗu na barcinsa ya rasa, amma a zahiri ya yi asarar kaso mafi tsoka na barcin mafarki. Yankan gefe ɗaya ya yi, kuma kullum gefen nan yake yanka.

Abu biyu ne ke sa mutum jin barci. Na farko wani sinadari ne mai suna adenosin. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin ɗari na kuzarin da jiki ke ƙonawa, kuma adenosin yana daga cikin abin da wannan ƙonawa ke bari. Tun daga farkawa yake taruwa, yana taruwa ido na nauyi, sai barci ya rage shi. Sinadarin kafeyin da ke cikin kofi da shayi da lemukan ƙara kuzari ba ya cire adenosin. Wurin da adenosin ke maƙalewa ya isar da saƙonsa yake tarewa, kamar wanda ya toshe kunne don kada ya ji sallamar mai bin sa bashi. Mai bashin yana nan a ƙofa, kuma yawansa ƙaruwa yake yi. Ga shi kuma kafeyin ba ya saurin barin jiki: bayan kimanin awa biyar rabinsa na nan a cikin jini, ta yadda kofin la'asar kan bi mutum har gado ya rage masa nauyin barci ko da ya samu ya runtsa. Na biyu agogon jiki ne, wani ɗan dunƙulen ƙwayoyin jijiya a can ƙasan ƙwaƙwalwa da ke karɓar labarin haske daga ido, yana ba da umarnin sakin sinadarin melatonin, mai shirya jiki ga barci, in duhu ya yi. Binciken yadda wannan agogo ke aiki a cikin ƙwayar halitta ne ya ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel a 2017. Agogon nan ne ke sa wanda ya kwana ido biyu ya ji ya ɗan wartsake da hantsi, har ya ce barcin ya sake shi. Agogo ne ya buga lokacin farkawa, adenosin ɗin kuwa yana nan cunkushe.

Abin da ya fara tafiya in barci ya yi ƙaranci shi ne tsayar da hankali wuri ɗaya. Mutum yakan yi gyangyaɗin daƙiƙa biyu ko uku ko biyar, wani lokaci idonsa a buɗe, kuma in ka ce masa ya yi barci sai ya musanta da iya gaskiyarsa. A 2011 wasu masu bincike a Jami'ar Wiskonsin suka ga abin da ya fi wannan ban mamaki a ƙwaƙwalwar ɓerayen da aka hana barci: ɓeran yana farke, yana yawo, amma wasu gungun ƙwayoyin jijiyarsa sukan ɗauke aiki na ɗan lokaci kamar masu barci, kuma a daidai lokacin ne yake kuskuren ɗauko ƙwayar sukarin da yake miƙa hannu gare ta. Wato ƙwaƙwalwa in an hana ta barci gaba ɗaya, sai ta riƙa satarsa unguwa-unguwa. Da ma an ce barci ɓarawo ne. Ka auna wannan da direban da ke gudun kilomita 100 a awa: a cikin daƙiƙa huɗu motarsa ta ci fiye da mita 100 babu kowa a kan sitiyari. Drew Dawson da Kathryn Reid a Ostireliya sun nuna a 1997 cewa wanda ya yi awa 17 a farke, saurin hannunsa da idonsa kan koma kamar na mai barasa 0.05 cikin ɗari a jininsa, wanda ya yi awa 24 kuwa kamar mai 0.10, abin da ya haura iyakar da dokokin tuƙi na ƙasashe da dama suka yanka. Abin da ke damuna a nan shi ne, mutumin da ba zai taɓa yarda ya shiga motar mashayi ba, shi ne zai yaba wa direban da ya kwana yana tuƙi, ya ce jarumi ne.

Sai kuma riƙe abu a ka. A nan barci yana aiki ta fuska biyu, kafin koyo da bayansa. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sashe mai suna hifokamfas, wanda shi ne ke fara karɓar sabon abin da mutum ya gani ko ya ji, kamar ɗan littafin da ake rubuta cinikin yini kafin a shigar da shi babban kundi. In mutum bai yi barci ba, wannan sashe ba ya karɓa da kyau, sai karatu ya shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu. Bayan koyo kuma, barci ne ke kwashe abin ya adana shi. Tun a 1924 John Jenkins da Karl Dallenbach na Jami'ar Konel suka sa ɗalibai biyu haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, suka ga cewa in sun yi barci bayan haddar sun fi tunawa da ita fiye da in sun shafe adadin awannin a farke. Shekara 70 bayan haka, a 1994, Matthew Wilson da Bruce McNaughton suka leƙa cikin abin: suka sa wa ɓeraye siraran wayoyi a hifokamfas, suka ga cewa ƙwayoyin jijiyar da suka yi aiki tare lokacin da ɓeran ke zagaya wani wuri, su ne suke sake yin aiki tare in ya yi barci. Bita ƙwaƙwalwa take yi, tilawar abin da aka koya da rana.

Ba ƙari kaɗai take yi ba, har da ragi. Giulio Tononi da Chiara Cirelli na Jami'ar Wiskonsin sun daɗe suna cewa duk abin da mutum ya ci karo da shi da rana yana ƙara kaurin mahaɗun da ke tsakanin ƙwayoyin jijiya, kuma da za a bar su suna ta kauri, da ƙwaƙwalwa ta cika ta rasa wurin sabon abu. A 2017 tawagarsu ta auna dubban irin waɗannan mahaɗai a ƙwaƙwalwar ɓeraye, ta samu cewa bayan barci sun ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari, amma manyan cikinsu ba a taɓa su ba. Kamar manomi ne mai cire ciyawa ya bar shuka. Shi ya sa nake tausaya wa ɗalibin da ke raba dare yana karatu ana gobe jarrabawa. Ya zalunci kansa sau biyu: abin da ya karanta jiya bai samu an adana masa ba, ga shi kuma ya shiga ɗakin jarrabawa da ƙwaƙwalwar da ke ɗauke wuta.

Kowa ya san wanda bai yi barci ba ba ya da daɗin zama, abu kaɗan ya fusata. Akwai dalilin haka a cikin kai. A 2007 tawagar masanin barci Matthew Walker ta hana wasu matasa barci na kimanin awa 35, sannan ta nuna musu hotuna masu tayar da hankali tana ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwarsu. Amigdala, wato sashen da ke kaɗa ƙararrawar tsoro da fushi, ya zabura da ƙarfin da ya ɗara na waɗanda suka yi barci da kusan kashi 60 cikin ɗari. Haɗin da ke tsakaninsa da gaban ƙwaƙwalwa, sashen da ke bayan goshi wanda ke cewa "dakata, duba da kyau", ya yi rauni. Doki ya ƙara zafi, linzami ya saki. Da za a bi diddigin faɗace-faɗacen da ake yi tsakanin ma'aurata da abokan aiki, na tabbata da yawansu gajiya ce ta sa rigar dalili ta fito.

Abin bai tsaya ga saurin fushi ba. Da can likitoci na kallon rashin barci a matsayin alamar ciwon damuwa kawai. Yanzu an san hanyar biyu ce: binciken da ya bi mutane shekaru ya nuna cewa mai fama da rashin barci na dogon lokaci yana da kusan ninki biyu na haɗarin kamuwa da ciwon damuwa in aka kwatanta shi da mai barci lafiya. Ga mai farfaɗiya, kwana ba barci na cikin sanannun abubuwan da ke tayar da ciwon. Ga mai larurar nan da ke kai mutum tsakanin ɗoki marar iyaka da baƙin ciki mai tsanani, dare ɗaya ko biyu ba barci na iya tunzura ta. Waɗannan mutane, kula da barcinsu wani ɓangare ne na maganinsu, kuma ya kamata 'yan uwansu su san haka.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi jan hankalin masana a shekarun nan, wanda kuma ya fi bukatar a yi maganarsa a tsanake. Kowace gaɓa ta jiki tana fitar da shara in tana aiki, kuma jiki na da magudanan da ke kwashe ta. An daɗe ana mamakin yadda ƙwaƙwalwa, mai cin kuzari haka, take yi da tata sharar. A 2012 tawagar Maiken Nedergaard a Jami'ar Rochester ta Amurka ta bayyana wata hanya: ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka yana bin gefen jijiyoyin jini ya shiga cikin naman ƙwaƙwalwa, ya ɗauraye tsakanin ƙwayoyin, ya fita da datti. A 2013 suka ƙara da cewa a ɓeraye, in barci ya zo, sararin da ke tsakanin ƙwayoyin yana buɗewa da kusan kashi 60 cikin ɗari, kuma ana kwashe wani furotin mai suna beta-amiloyid da saurin da ya kusan ninka na lokacin farke. Sunan wannan furotin ne ya sa duniya ta juyo, domin shi ne ke dunƙulewa a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzaima, wadda ita ce kan gaba cikin cututtukan mantuwa na tsufa. A 2019 Laura Lewis da abokan aikinta a Jami'ar Boston suka ɗauki hoton abin a jikin mutane: a lokacin barci, ruwan nan yana shiga yana fita kamar igiyar teku, yana bin sawun manyan igiyoyin lantarki na barci mai nauyi. Shekara guda kafin nan, masu bincike a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka sun hana mutum 20 barcin dare ɗaya, suka ga beta-amiloyid ya ƙaru da kimanin kashi 5 cikin ɗari a yankin hifokamfas da kewayensa.

Labari ne mai daɗin ji, cewa ƙwaƙwalwa wanka take yi da dare. Sai dai ilimi ba ya tsayawa inda labari ya yi daɗi. A 2024 wata tawaga a Kwalejin Imperial ta Landan, ƙarƙashin Nick Franks, ta auna abin da wata dabara daban, ta ce ita a ɓerayenta kwashe sharar raguwa ma ya yi lokacin barci. Masu ra'ayin farko suka soki dabarar, muhawara kuma tana nan ana yi. Na kawo wannan ne don kada mai karatu ya ɗauki batun wankin a matsayin abin da aka gama yanke hukunci a kansa.

Abin da ya fi tsayuwa da ƙafarsa shi ne abin da aka gani a rayuwar mutane. A 2021 Séverine Sabia da abokan aikinta suka fitar da nazarin da ya bi ma'aikatan gwamnatin Birtaniya kusan 8,000 na tsawon shekara 25. Waɗanda suka dawwama a kan barcin awa 6 ko ƙasa da haka a shekarunsu na 50 da 60 da 70, haɗarin kamuwarsu da cutar mantuwa ya ɗara na masu awa 7 da kashi 30 cikin ɗari, ko bayan an cire tasirin ciwon zuciya da ciwon damuwa da shan taba da makamantansu. Irin wannan nazari yana nuna tafiya tare ne, ba ya iya rantsewa cewa wannan ne ya haifi wancan, musamman da yake Alzaima kan fara ɓarna a ɓoye shekara 15 zuwa 20 kafin a ga alama, kuma tana lalata sassan da ke kula da barcin kansa. Ƙarfin nazarin Sabia shi ne ya fara auna barcin mutanen tun suna da shekara 50, da daɗewa kafin ciwon ya bayyana. A ganina, abin da ya fi dacewa da shaidun shi ne zagaye ne: ƙarancin barci na taimaka wa ɓarnar, ɓarnar kuma na ƙara lalata barci. Kuma ko da an ajiye batun amiloyid gefe, ƙarancin barci yana tafiya da hawan jini da ciwon suga da ƙiba, waɗanda kowannensu ke lalata ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙwaƙwalwa.

To ina iyakar abin? A ƙarshen Disambar 1963 wani ɗan sakandare mai shekara 17 a San Diyego, Randy Gardner, ya ƙudiri hana kansa barci, ya kuwa yi awa 264, kwana 11 cur, masanin barci William Dement na Jami'ar Stanford yana cikin masu sa masa ido. Kafin ya gama ya fara ganin abin da babu, magana na sarƙe masa. A rana ta ƙarshe aka ce ya riƙa cire bakwai daga ɗari yana sauka, da ya kai 65 sai ya tsaya, ya ce ya manta abin da yake yi. Da aka ƙyale shi ya yi barcin awa 14 da ɗoriya ya farka. Ɓerayen da Allan Rechtschaffen ya hana barci gaba ɗaya a Shikago cikin shekarun 1980 ba su yi wannan sa'ar ba, duk sun mutu a cikin 'yan makonni. Amma ni ba irin Gardner ne ke tsorata ni ba, domin kowa ya gan shi ya san yana cikin wani hali. Mai awa biyar na shekara ashirin ne ba wanda ke gani.

Akwai masu cewa ai wasu haka Allah ya halicce su, barci kaɗan ke isarsu. Gaskiya ne, akwai su. A 2009 Ying-Hui Fu ta Jami'ar Kalifoniya a San Faransisko ta gano wata uwa da 'yarta masu wani sauyi a ƙwayar gado, waɗanda ke tashi garau ba tare da wata illa da aka gani ba. Sai dai irinsu ba su da yawa ko kaɗan, kuma su ɗin ma barcinsu awa shida ne da 'yan mintoci. Ga sauran jama'a, ƙungiyoyin masana barci na Amurka sun tsayar a 2015 cewa baligi na bukatar awa 7 ko fiye. Matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar 8 zuwa 10, yaro ɗan 6 zuwa 12 kuma 9 zuwa 12. Matasa na da wani uzuri da iyaye ba su cika sani ba: da balaga agogon jikinsu kan ja baya, barci ba ya zuwa musu da wuri, safiya kuma tana yi musu nauyi, alhali gaban ƙwaƙwalwarsu bai gama ginuwa ba sai sun haura shekara ashirin. Wayar da ke hannunsu har tsakar dare tana ƙara wa Borno dawaki ne kawai.

Ramuwar barci a ƙarshen mako tana rage wani abu, mutum yakan ji sauƙi, amma dare biyu ba sa goge ɓarnar dare biyar, karatun da ba a adana ranar Talata ba kuma ba ya dawowa ranar Asabar. Ga shi kuma tashi da rana tsaka yana karkatar da agogon jiki, sai daren Lahadi barci ya ƙi zuwa. Ɗan barcin rana na minti 20 zuwa 30 yana wartsakar da hankali, matuƙar bai kai yamma ba. Abin da ya fi amfani ba shi da wani armashi: tsayayyen lokacin tashi kullum, shiga hasken safiya, rage haske da dare, ɗaki mai duhu da sanyi-sanyi, barin kafeyin tun da rana. Barasa kuwa tana kwantar da mutum da sauri amma tana danne barcin mafarki ta kuma yayyanka sauran daren.

Dole in ware wani rukuni a nan, don kada wannan bayani ya zame musu ƙarin azaba. Wanda ya hana kansa barci daban, wanda barci ya ƙaurace wa idonsa daban. Na biyun yana kwance yana juyi, yana duba agogo, yana lissafin awannin da suka rage, kuma tsoron illar rashin barci shi ne ke ƙara hana shi barcin. Ga irinsa, dare ɗaya ko mako ɗaya marar daɗi ba ya rusa ƙwaƙwalwa, ta fi haka juriya. In abin ya kai wata uku yana faruwa sau uku ko fiye a mako, ya zama larura mai magani. Tun 2016 Kwalejin Likitocin Amurka ta ce matakin farko shi ne horon gyara tunani da ɗabi'un barci a hannun ƙwararre, kafin a kai ga ƙwaya, domin ƙwayoyin barci na iya kama jiki, kuma suna jawo wa tsofaffi jiri da faɗuwa.

Tunda mai abin ba ya iya auna kansa, sai a nemi shaida daga waje. In ba ka tashi sai agogo ya tashe ka da ƙyar, in ranar hutu kana ƙara awa biyu ko uku a kan barcinka na kullum, in kana angaje da zarar ka zauna shiru a taro ko a mota, in kana maimaita layi ɗaya sau uku kafin ka gane shi, to ba ka saba ba. Ka kuma tambayi waɗanda kuke zaune tare, su suka fi ka sanin halinka na ranar da ba ka yi barci ba.

Akwai ma larurar da kusan ba ta ganuwa sai da wannan shaida ta waje. Mutum zai yi awa takwas a gado, ya tashi da ciwon kai da bushewar baki, ya wuni yana gyangyaɗi, ya rasa dalili. Abin da ke faruwa shi ne maƙogwaronsa na rufewa in ya yi barci, numfashi ya tsaya daƙiƙa goma ko fiye, iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi na ɗan lokacin da ba zai tuna ba, ya ja numfashi ya koma. A masu tsanani wannan na faruwa sau 30 ko fiye a kowace awa, dare bayan dare, shekara da shekaru. Barci mai nauyi ba ya samuwa, jini na hawa, haɗarin shanyewar ɓarin jiki na ƙaruwa. Ta fi kama masu ƙiba da masu kaurin wuya da waɗanda shekaru suka fara ja, amma siriri ma ba ta ƙyale shi ba, har da yara masu kumburin ƙwayoyin maƙogwaro. Tana da magani: tun 1981 likita Colin Sullivan na Sidni ya fito da na'urar da ke hura iska a hankali ta hanci don hanyar numfashi ta zauna a buɗe, rage ƙiba kuma na taimakawa ƙwarai. Mai larurar ba ya sanin abin da ke faruwa da shi cikin barci. Wanda ke kwana kusa da shi ne ke jin minshari mai ƙarfi, sai shiru ya biyo baya kamar an ɗauke numfashi, sai kuma wata irin shaƙa da zabura. Duk wanda ke jin wannan shirun a gefensa da dare, ya ƙirga daƙiƙoƙinsa, ya ɗauki sautin a waya in zai iya, sannan ya raka mai shi wurin likita, domin shi in aka tambaye shi cewa zai yi barcinsa lafiya lau.